Goron Biki a Gidan Makoki

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ɗora mahaifina a keke napep na kai shi ya sha kunyar da bai taɓa shan irinta ba. Ni na kai shi, da ƙafata, da digirina, da ƙullin goro a hammata.

Lokacin na gama karatun kwamfuta, na yi bautar ƙasa, na dawo cikin birni ina zaman kashe wando. Baba tsohon maɗinkin babbar riga ne, aikin allura ya cinye masa ido har ba ya shaida mutum sai ta murya. Ni ne idonsa. Ni ke riƙe hannunsa zuwa masallaci, ni ke karanta masa saƙon waya. Wanda ya san dattijon birnin Zazzau kuwa ya san ciwo bai dame shi ba kamar a ce an yi suna ko ɗaurin aure ba a ga fuskarsa ba. Ga shi mutanen yanzu sun daina aiko da goron gayyata. Sai dai su liƙa sanarwa a shafin sada zumunta, wanda ya gani ya gani.

Na ce yawwa, ga inda karatuna zai yi rana. Na samo wani laburare na kodin, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta wa kwamfuta, kai kuma ka ɗora naka a kai. Da shi na haɗa 'yar manhaja mai zagaya shafukan mutanen Zariya tana tsinto sanarwar taro: wane taro ne, yaushe, a ina. Don kada ta cika wa Baba kunne da tarkace, na koya mata wata dabara (ranar har madubi na duba na jinjina wa kaina). Sanarwar da ta fi tara sharhi a ƙarƙashinta ita ce babba, sai ta sa ta a sama. Ƙirga sharhin kawai take yi, ba ta karantawa. Ni ma ban ga dalilin karantawa ba. Wa ke da lokacin "Allah ya sanya alheri" iri ɗaya daga bakin kowa da kowa?

Da farko abin ya yi kyau. Mun je wani suna a Kufena da ba don ni ba da ya wuce shi. A hanyar dawowa ya ce, "Ashe akwatin nan naka yana da amfani." Tun da na shiga jami'a ban taɓa samun yabo irin wannan daga bakinsa ba. Kaina ya kumbura.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na duba, sai ga sanarwa a can sama ta yi wa saura fintinkau: ɗaurin auren Nura, ɗan Alhaji Tanimu, gobe Asabar da hantsi, a ƙofar gidansu da ke Tudun Jukun. Alhaji Tanimu tsohon maƙwabcinmu ne, aminin Baba tun suna yara. Rigimar makwararar ruwa tsakanin gidajenmu ta raba su ina firamare, ya sayar da gidan ya bar birni. Tun daga nan ba a ambaton sunansa a gidanmu, baƙi ma sun san da haka. Shi ya sa labarin gidansa ba ya iso mu.

Na karanta wa Baba.

"Bai aiko mini ba," in ji shi.

"Baba, ai yanzu ba a aike. Kuma duk Zariya babu taron da ake magana a kai kamar wannan." (Allah ya sani ba ƙarya na yi ba.)

"Ni na yi wa yaron nan huɗuba ranar da aka haife shi," ya ce a hankali. "Gabar nan ta isa haka. Je ka sayo goro, mai kyau."

Washegari ya sa aka fito masa da aska takwas ɗinsa, riga ta ƙarshe da ya ɗinka da idonsa. Ya sha turare har mai keke yana waiwaye. Da muka isa, ga rumfa, ga tabarmi, ga motoci layi guda.

"An taru?" Baba ya tambaye ni.

"Maƙil, Baba. Ai na gaya maka."

Na lura babu maroƙi ko ɗaya, na ce gidan masu addini ne. Na lura ba mai dariya, na ce dattawa ne. Wani ya dubi rigar Baba ya sunkuyar da kai, na ce ɗinkin ne ya burge shi. Har Alhajin da kansa na hango ya jingina da bango cikin tsohuwar jallabiya, idanu jawur, na ce hidimar biki ce ta hana shi barci. Ido biyu gare ni lafiyayyu, amma ranar makahon gidanmu ba Baba ba ne.

Na ja shi har gaban Alhaji, na raɗa masa, "Ga shi nan." Baba ya gyara riga, ya ɗaga murya yadda kowa zai shaida ya sauke girman kai.

"Salamu alaikum! Alhaji, ko ba ka gayyace ni ba na zo. Allah ya sanya alheri, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki! Ina angon namu?"

Kowa ya juyo yana kallonmu. Masu jan carbi ma suka tsaya.

Alhaji Tanimu ya ɗago kai ya dube shi. "Malam," ya ce, "ango yana makwancinsa tun shekaranjiya. Ya je Kaduna karɓo ɗinkinsa, mota ta kife da su. Yau sadakar uku."

Baba ya zame hannunsa daga cikin nawa. Ni kuwa maimakon in kama bakina, sai na ji kaina ina cewa, "Alhaji, wallahi kwamfuta ce..." Ba wanda ya ko kalle ni. Wani dattijo ya zare goron daga hammatata ya ajiye kusa da gumbar sadaka. Baba ya tuɓe aska takwas a gaban jama'a, ya juya ta ciki waje, ya naɗe, ya durƙusa daga shi sai 'yar ciki yana laluben hannun amininsa. Alhaji ya kama hannun. Tsofaffi biyu suka yi ta kuka, ni ina tsaye kamar an dasa ni.

Na koma bakin tabarma na buɗe sanarwar da idona, karo na farko. Sharhin farko-farko duk fatan alheri ne. Daga ranar Alhamis kuwa har ƙasa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" ne. Ba wanda ya goge katin gayyatar daga shafin, don wa zai iya? A ƙarƙashinsa mutane suka zauna makoki, manhajata kuma ta ƙirga su ta ce babban biki.

A keke, muna shigowa Ƙofar Doka, Baba ya juyo gare ni.

"Akwatin naka da ya ga mutane sun taru, bai tambaye su ko lafiya ba?"

"Ba ya tambaya, Baba."

"To kai fa?"

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Da ma dukana ya yi.

Ya ci gaba da zuwa Tudun Jukun kullum har aka yi sadakar bakwai, kuma sun shirya da Alhaji. Sai dai ladanin masallacinmu ne ya riƙa raka shi, ba ni ba. Aska takwas tana ƙasan adaka, ba ta sake fitowa ba. Har yau ni ke riƙe hannunsa zuwa salla, amma in na karanta masa saƙo sai ya ce, "To, bari mu ji daga bakin mutane."

An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuma sai da na ɓatar da ubana na gane. Yanzu ko a gaban mai ƙosai na ga mutane sun taru, ba na buɗe baki sai na taɓa na kusa da ni na ce, "Malam, lafiya dai ko?"