Ranar da Akushin Surukina Ya Tashi Sama

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da abin da injin tsotsar iska ya ja mini.

Sana'ata murza katako a Gwandu: ƙafar gado, muciya, akushi. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne ramin da nake bari a ƙasan kowane akushi, domin da ƙusa nake kafe shi jikin injin murzawa. Sai na gani a waya wai akwai injin da ke riƙe akushi da tsotsar iska kawai. Daga ranar na shiga mafarki ido biyu. Hannuna na kan aiki, ni kuwa ina can ina kallon akusana suna juyawa a hankali, mata daga Masama har Dalijan suna shafa su suna neman rami ba su samu ba.

Na ji wani mai gyaran firij a Kalgo yana da na hannu, na tafi. Ya kunna, ya ce, "Aza hannunka bakin tiyon ga." Na aza, ya cafke tafina kamar ɗan maraƙi ya samu nono. Na leƙa man injin, na saurari ƙara, na gyaɗa kai irin na masana (alhali ban taɓa ganin irinsa ba sai a waya). Na ɗauro shi bayan babur, ina tafe ina raɗa wa shagona sabon suna.

Surukina, Baba Jauro, yana da wani baƙin akushi da ya gada wajen mahaifinsa, ba ya cin tuwo sai a ciki. Ƙasansa ya lalace, yana rawa a kan tabarma. Ni da ko ido ba na haɗawa da Baba, na aika matata ta ce zan gyara. Ranar kasuwa ya kawo da kansa, ya zauna kan benci.

"Bi shi sannu," ya ce. "Akushin ga ya girme ka."

Na kunna, iska ta riƙe shi gam. Yana juyawa, yana sheƙi, garin katako na sauka a hankali, har na fara jin muryar Baba a raina yana yabona gaban jama'a. Sai aka ɗauke wuta.

Injin tsotsa ya saki nan take, na murzawa kuwa bai gama tsayawa ba. Akushi ya tashi, ya gifta saman hular Baba, ya daki bango, ya rabe biyu.

Baba ya tsince ɓarin biyu, ya haɗa su, ya daɗe yana dubawa. "Ƙasan dai ya yi sumul," ya ce, ya naɗe su cikin riga ya fita. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har yau a kwanon silba yake cin tuwo, in na je gaisuwa kaina a ƙasa.

Na dai koyi darasi. In za ka sayi inji, kada ka tsaya ga yadda yake kamawa in an kunna, sa a kashe ka ga yadda yake sakewa. Gwajin farko kuma a yi shi da akushin gidanka.