Yaƙin Kafaɗun Ilu Mai Awo

Ilu mai awo macuci ne, kuma babu amfanin sakayawa. Mudu biyu gare shi: na saye, mai zurfi kamar rijiya, da na sayarwa, wanda aka bubbuge gindinsa har ya kusa zama faranti. Wannan shi ne Ilu ɗan Nomau, jikan Jatau mai jaki bakwai, tattaɓa-kunnen Barmo wanda ya taɓa korar kura da tari. Sadaukin rumfar hatsi, guguwa mai kwashe ƙaiƙayi, namijin duniya mai wuyan zalɓe!

Musabbabin yaƙin kuwa, wata ranar kasuwa Ilu ya yunƙura zai gyara wa buhun masara zama, sai buhu ya gyara masa nasa. 'Yan dako suka tuntsire da dariya. Shugabansu Gwanki ya ce, "Sannu, Sillen Kara! Riƙe rumfa kada iska ta taso ta kwashe ka." Ilu ya doki ƙirji, ya rantse nan da wata uku zai ɗaga buhu sama da kansa a bainar jama'a, in ya kasa, sunan ya bi shi har jikoki.

Ya samo sandar ƙarfe, ya rataya mata bokitan fenti biyu cike da yashi, ya shelanta yaƙi. Wata guda cur yana gwabzawa safe da yamma, ba hutu ba sulhu, bai samu ganimar komai ba sai ciwon baya. Sai ya kai kuka wurin Sajan Kallamu, tsohon soja mai koyar da ɗaga ƙarfe a bayan tasha.

"Kai farar hula," in ji Sajan, "ƙwanji ba a fagen fama yake tsirowa ba, a kan katifa yake tsirowa. Kwana uku a sati, hutu a tsakani. Ɗagawa takwas, sau huɗu. Wake, ƙwai, barci. Kowane sati ka ƙara mudun yashi ɗaya dama, ɗaya hagu. Daidai wa daida, ka ji ko?"

Ilu ya ji. Amma don sauri, sai ya riƙi mudun saye a dama, na sayarwa a hagu, ya ɗiba ya zuba. Wanda ya shekara ashirin yana rantsuwa cewa mudunsa duk ɗaya ne, shi ne farkon wanda zai yarda da ƙaryar. Sati takwas rundunar dama tana karɓar ɗauki, ta hagu ana tauye mata haƙƙi, har kafaɗar dama ta tashi kamar tozon bijimi, ta hagu kuwa ta tsaya tana kallon ikon Allah.

Da ranar alkawari ta zo, kasuwa ta yi da'ira, masu awo suka bar awo, jakuna suka bar kuka, Ilu ya tuɓe riga, ya rungumi buhu, ya yi kururuwa: "Sai ni ɗan Nomau, na gaba ya yi gaba!" Hannun dama ya cika umarni, ya doshi sararin samaniya. Na hagu ya tsaya a kunne. Buhu ya karkace, jarumi ya bi shi, suka yi juyi biyu kamar masu rawar biki, sannan suka kwanta tare, buhun a sama.

Sajan ya leƙo shi. "Da me ka auna yashin?"

"Da muduna biyu, Oga. Wallahi duk ɗaya ne."

Sajan ya shiga rumfar, ya cika babban da masara, ya juye a ƙaramin. Masara ta malala ƙasa, kaji suka taso. Matan da suka yi shekaru suna awo a wurinsa ba wadda ta yi dariya.

Sarkin kasuwa ya ƙwace mudun biyu, ya hana shi awo wata shida. Sunan Sillen Kara ya zauna daram. A masallaci kuma, in liman ya ce a daidaita kafaɗu, Ilu ake turawa ƙarshen sahu, jikin bango.