Yaƙin Taku Uku

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin sadauki ɗan sadauki, Alhaji Mamuda ɗan Jibo ɗan Gagare, wanda kakansa ya kori kura da muciya, ubansa kuma ya yi shekara talatin bai taɓa kauce wa kowa a hanyar kasuwa ba. Shi kuwa Mamuda, tsohon darakta, dodon masinjoji, mai biro uku a aljihu, da ya yi ritaya ya rasa wanda zai daka wa tsawa, sai ya juye fushinsa kacokan kan wasan golf, wanda dama yakan taɓa ran Asabar.

To, dukan nesa kam ya iya, don ƙarfi ne kawai, kuma tuwo ya ba shi. Amma in ƙwallo ta zo kusa da rami, inda ake lallaɓa ta ta faɗa, nan asirin barde yake tonuwa. Sai ya buga huɗu, ya buga biyar, yana kewaya rami yana tsaki.

Babbar musibarsa ita ce Lurwanu, tsohon direbansa, wanda ya koyi wasan da ido cikin shekara goma sha biyu na jiran maigida a bakin fili, yanzu kuma ga shi da motarsa da sandunansa. Wata rana ƙwallon Alhaji ta leƙa rami ta wuce, Lurwanu ya yi tari. Tari fa kawai! Nan take jinin Gagare ya tafasa.

"Nan da kwana arba'in mu kara!" in ji Alhaji. "Taku uku daga rami. Wanda ya fi yawan bugu, shi zai ɗauki jakar sandunan ɗan'uwansa har mota, a gaban kowa!"

"Ranka ya daɗe, a bar maganar nan," in ji Lurwanu. Ina! Gwarzo ya riga ya rantse.

Daga nan ya shiga halwa da mujahada irin wadda ba a taɓa gani ba tun zamanin mazan jiya. Ya sa aka fitar da kujerun falon matarsa Hajiya Ladidi, ya kwantar da kofin tangaran ɗinta a kan tayil ya zama rami, ya duƙa yana gangara ƙwallo daga hantsi har la'asar, ya daina zuwa fili don kada abokan gaba su ga sirrin yaƙi. A kan tayil kuwa, ko hura ƙwallo ka yi sai ta ruga. Kofi uku suka yi shahada kafin hannunsa ya koyi taushi.

"Wai Alhaji, filin naku ma tayil ne?" in ji Hajiya. Ya ce ai mata ba su san yaƙi ba.

Ni dai na sani, kowa ma ya sani, bakin ramin filinmu ba ciyawa ba ce balle tayil. Yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, mai riƙe ƙwallo kamar ƙullun ɗanwake. Shekara ashirin mutumin nan yana takawa, amma girman kai ya mantar da shi.

Ranar gwabzawa jama'a suka yi da'ira. Lurwanu ya buga biyu, ƙwallo ta faɗa, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Sai ga namijin duniya ya tako, ya gyara hula, ya ware ƙafafu, ya auna rami da ido ɗaya har mutane suka fara hamma, ya yi kururuwa, "Yau ake yin ta!" Sannan ya shafi ƙwallo da dukkan taushin kwana arba'in.

Ta matsa taƙi ɗaya, ta zauna.

Ya sake shafa ta. Ta ƙara rabin taƙi. A na uku zuciya ta ɗebe shi, ya maka mata sanda, ta tsallake rami ta shige gindin darbejiya. Wallahi ni da nake tsaye sai da na ji masa kunya.

Haka jikan Gagare ya saɓa jakar direbansa a kafaɗa, gumi har cikin kunne, ya ratsa mutane ya tsaya a motar farko da ya gani.

"Ranka ya daɗe, ba wannan ba ce," in ji Lurwanu cikin ladabi. "Tawa tana can ƙarshen fili."