Amsa Guda Da Na Koya wa Adawiyya

Ranar Litinin ta makon jiya ina tsakiyar zuba wa masara taki aka aiko wai hedimasta na nemana yanzu-yanzu. Babur ɗina kwanansa uku a jingine, don layin man da na bi a Funtua sai da na kai bakin famfo sannan aka ce ya ƙare. Haka na taka da ƙafa cikin caɓi har firamaren ƙauyenmu. Malam Ubaidullahi, hedimastan, ya nuna mini benci, na zauna, ni da bencin muka zube ƙasa tare. Ko gezau bai yi ba. Ya ce in yi haƙuri, mai lafiyar 'yan aji uku ne ke kai.

Ina karkaɗe riga ya miƙo mini takarda, ya ce 'yata Adawiyya ta faɗi jarrabawar darasin zamantakewa, wanda yara ke ce wa soshiyal, kuma in ba ta ci ta maimaici ranar Alhamis ba, za ta sake aji biyar. Jama'a, Adawiyya fa! Yarinyar da tun aji ɗaya ba ta taɓa wuce ta uku ba, wadda ke karanta mini rubutun jikin buhun taki. Nan take raina ya ɓaci, na ce a nuna mini wanda ya duba takardar.

Ashe ba laifin mai dubawa ba ne. Bana wani babban mutum can birni, Ranka Ya Daɗe Sarkin Awon Ƙwaƙwalwar 'Ya'yan Talakawa, ya tara masana kwana biyar a otal mai sanyi, aka ci kaji aka sha lemo, aka yanke cewa dole a auna ko yaran karkara sun san yadda al'ummarsu ke gudana. Madalla da wannan hangen nesa, Allah ya ƙara wa mai girma basira. An kawo tambayoyin a sabuwar mota fil, tare da wani ambulan mai hatimi da ke ɗauke da amsoshi, aka kuma ja wa malamai kunne cewa duk amsar da ta kauce wa ta cikin ambulan, a ja mata jan biro. Motar ba ta zo da ko kwalin alli ɗaya ba, amma ba wannan ya kawo mu ba.

Na sa gilashi na duba abin da yarinyar ta rubuta. An tambaya wa ke samar wa jama'arku ruwan sha. Ta rubuta: ni da Sanda mai kura. Jan biro. An tambaya wa ke gyara hanya idan ta lalace. Ta rubuta babana da 'yan gayya ranar Lahadi, har ta ƙara da cewa ana dafa musu fura, abin da ma ba a tambaye ta ba. Jan biro. Ina ake kai marar lafiya a garinku? Ta ce kemis ɗin Zainulabidin, in abin ya tsananta a ɗora shi a bayan babur sai Malumfashi. Nan ma jan biro, domin ambulan ya ce asibitin hukuma, wato ginin nan da awakin unguwa ke fakewa in ana ruwa. Wadda ta fi ba ni dariya, duk da ba ranar dariya ba ce, ita ce ta amfanin wayar lantarki. Adawiyya ta ce kurciyoyi na hutawa a kai.

Na ce wa hedimasta ya nuna mini guda ɗaya da ta yi ƙarya a ciki. Ya leƙa ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Malam Maiwada, ba a ce ta yi ƙarya ba, an ce ta faɗi. Tsakanina da kai, amsar ɗaya ce tun daga sama har ƙasa. Ka je ka koya mata: hukuma."

Ya ce rabin ajin haka suka yi, kuma laifin malamarsu ne, Malama Mansura, da ta saba fita da su zagayen gari tana cewa su rubuta abin da idonsu ya gani. Kun ji irin ɓarnar da malamai masu ƙwazo ke yi wa ilimi.

A hanyar gida na yi kiciɓis da maƙwabcina Sanda yana tura kurarsa cike da jarkoki. Da na ba shi labari, maimakon ya taya ni jaje sai ya saki kurar ya washe baki, wai ashe sunansa ya shiga takardar gwamnati. Ya tambaye ni ko za a kira shi birni a ba shi lambar yabo. Na ce an dai ja wa sunan jan biro. Sai ya ce to shi wanda aka ce yana kawo ruwan, ya zo su raba unguwanni, don shi ƙugunsa ya gaji.

A gida na tarar Adawiyya ta ƙi cin tuwo, idanu sun kumbura. Ba faɗuwar ce ta fi damunta ba, a'a, ƙawayenta su wuce aji shida su bar ta da ƙannenta. Uwarta, Shafa'atu, ta dube ni ta ce tunda ni ne mai rubutu a jarida, in nuna amfanina yau.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, muka fara darasi. Wa ke kawo ruwa? Hukuma. Wa ke gyara hanya? Ta dube ni, ta dubi kantar da ke tafin hannuna, ta ce hukuma a hankali. Muka yi ta yi kwana biyu, har uwarta in ta zo wucewa sai ta amsa tare da ita. Ranar Laraba yarinyar ta tsaya cak.

"Baba, to ba ƙarya ba ce?"

"Ba ƙarya ba ce, amsa ce," in ji ni.

Wallahi kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa wa yarinyar nan cewa maƙaryaci ba ya da albarka, ga ni a kan tabarma ina yi mata bitar ƙarya kamar mai koyar da hadda. Amma shekara guda ta rayuwarta ba abin wasa ba ce, kuma mai girma ba zai zo ya share mata hawaye ba.

Ranar Alhamis ta shiga, ta fito. Jiya sakamako ya iso: Adawiyya ta cinye duka, ta wuce aji shida, kusan duk ajin ma sun haye, don ashe ba ni kaɗai na shimfiɗa tabarma ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har tsire na saya mata.

Sai dai hedimasta ya nuna mini wata takarda da ta biyo bayan sakamakon. Mai girma ya yaba wa ƙauyenmu ƙwarai. Ya ce tunda yara, waɗanda ba su san siyasa ba, sun shaida da hannunsu cewa hukuma na ba mu ruwa, an cire sunanmu daga jerin garuruwan da za a haƙa wa rijiyar burtsatse, an miƙa gurbin ga mabukata. Shekara shida muna jiran rijiyar nan, kuma ni da kaina na koyar da shaidar da ta kashe ta.

Yau da safe Adawiyya ta dawo daga rijiyar bakin fadama jiƙe sharkaf, santsi ya kwashe ta, bokitin ya tsage gida biyu. Shafa'atu ta fito da faɗa tana tambaya wa ya fasa mata bokiti. Yarinyar ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Hukuma."

Uwar ta juyo wai in tsawata mata. Ni kuwa na gyara zama na ci gaba da shan kokona. Ban ga ambulan ɗin mai girma a kan wannan tambaya ba, amma da ni aka ba jan biron, cikakken maki zan ba ta.