Gyaran Rumbun Inna Hure

"Lafiya ƙalau, angon ƙarya. Ya hanya, ya mutanen birni? Na ga dai ba su bar ka da yunwa ba, cikinka ya riga bakinka gaishe ni."

Inna Hure ke nan take amsa gaisuwar jikanta Sha'aban, mai gyaran waya a Kano. Ni maƙwabcinsu ne a ƙauyenmu da ke bayan Minjibir, danga ce kawai ta raba mu, kuma ba na ɓoyewa, in waɗannan biyun suka haɗu ajiye aikina nake yi.

Rumbunta ne ya sa ta kira shi. Rumbun ƙasa ne, ya tsage, ga geron gayaunarta an yanke yana jiran wurin kwana. Ɗanta Basiru, uban Sha'aban, ya riga ya yanke hukunci: in Juma'a ta zo rumbun bai gyaru ba, a sussuke geron a zuba a buhu a kai sitonsa, makulli a aljihunsa. Matar da ta shekara hamsin tana ɗibar hatsinta ba ta tambayi kowa ba, a ce ta koma aikawa a auno mata. Ranar Talata ce, ta je barka tun safe, Sha'aban ya iso ba ta nan ya yi aikinsa.

"Amarya, bar zancen cikina," in ji Sha'aban. "Juya ki ga lefenki."

Ta juya. Rumbu ya sha farar ƙasa fes, har da zanen fure da bula, da sunanta a ƙasa.

"Tubarkalla. Wa za a aurar?"

"Ke mana. Duk ƙauyen nan wace tsohuwa ce ke da rumbu mai suna? Masu wucewa har hoto za su tsaya ɗauka."

Ta zagaya rumbun tana ƙwanƙwasa shi da sandarta. Da ta zo kan furen ta ɗan danna, sandar ta shige kusan taƙi guda. Ta zaro, gara ta biyo ta.

"Me aka ce maka a waya?"

"Aka ce gyara."

"Wannan fa?"

"Gyara ne. Inna, matsalarki ba ki je makaranta ba. Gyara iri-iri ne. A shagona in mutum ya kawo waya tambayarsa nake: kwaskwarima kake so, ko faci, ko garambawul? Ke ba ki zaɓa ba, na zaɓa miki wanda ya dace da kyanki."

"Zauna in karantar da kai, tunda kuɗin makarantarka asara aka yi. Kwaskwarima ita ce ta bazawara ranar kasuwa, hoda a fuska, kaushi a ƙafa."

"Kin san ta ke nan."

"Na san ta, a fuskar budurwarka na gani. Faci kuma na tayar keke ne. Ya kai ka gida yau, gobe ka tura."

"To garambawul?"

"Shi ne a zazzage abu kaf a sake ɗaura shi. Kai ya kamata a yi wa, a fara daga kai."

"Baba dai cewa ya yi ingantawa zai yi miki. Buhu mai leda, siminti a ƙasa, ko ɓera sai da izini zai shiga."

"Ni ma sai da izini. Abin da ke da lafiya ake ingantawa, a ƙara masa. Wanda ya lalace gyara shi ake, ya koma aikinsa. Ubanka bai ƙara mini komai ba, makulli zai rage mini."

Sha'aban ya matso, ya rage murya, shi a dole mai dabara.

"Tsohuwa, ki gane. Baba daga kan babur zai duba. Ya ga fari, ya ga fure, ya ce madalla ya wuce. In toshe ramin sandarki, shi ke nan, mun ci."

"Mun ci, ko gara ta ci? Ubanka ne zai kwana a ciki? In na rufe idonsa yau, bazara ta zo na buɗe na tarar da gari da ƙaiƙayi, da ƙafata zan tafi ƙofarsa riƙe da ƙwarya. Wannan nake tsoro, ba shi ba."

Ta faɗe shi ba wasa a muryarta, kuma na ji tausayinta. Sai ta nuna tulin ƙasar da ta sa aka kwaɓa da ciyawar ramno kwana uku da suka wuce, an rufe da tsohuwar tabarma. Ko cikin kwano bai ɗiba ba.

Kowa a nan ya san daga ciki ake gyaran rumbu. A ɗage jinka, mutum ya zura ta bakin sama, ya kankare hanyar gara, ya buɗe tsagar ya cusa mata ƙasa, ya yaɓe, in ya sha iska a yi masa hayaƙi. Sha'aban a nan aka haife shi, ya sani sarai.

"Me ya hana ka shiga?" ta tambaya.

"Ladabi. Ɗakin sirrin mace ne."

"Ƙarya."

"Na ji motsi. Ina jin kububuwa ce."

"Kububuwar ma ta fi ka zuciya. Ɗaga hannunka."

Ya ɗaga. Ga zoben jar ƙasa ya zagaye farar rigarsa daidai cibiya, maɓalli biyu babu.

"Ashe ka gwada," in ji Inna Hure, dariya na cin ta. "Rumbun ne ya tofo ka."

"Bakin ne ya tsuke. Da can ai ina shiga."

"Da can kai mutum ne, yanzu buhun gurasa ne. Minti nawa ka yi a maƙale?"

"Ban duba agogo ba. Akuyarki dai ta ga abin da bai kamace ta ba."

"Cire rigar." Ta ɗaga murya ta kan danga. "Abdulkabir, na san kana nan kana ji, zagayo ka riƙe tsani."

Na zagayo ba kunya. Ta kawo kwalbar man gyaɗa ta ce ya shafe cikinsa da ƙugunsa.

"Inna, soya ni za ki yi?"

"Wa zai ci? Hannu sama, ka fitar da numfashi, ka tuna duk tsiren da ka ci kai kaɗai ka nemi gafara."

Muka sauke jinka. Ya zura ƙafafu, ya tsaya a inda ya tsaya ɗazu, ya yi nishi, na danna kafaɗunsa, sai ji muka yi tim. Na fara miƙa masa ƙasa a bokiti da igiya.

"Kana raye?" in ji ta.

"Ina raye. In na mutu a nan ki yi mini takaba."

"Kwana uku, shi ma don idon mutane."

Muka ji yana kankara, yana zagin gara da kakanninta. Can sai ya dakata. Hasken fitilar wayarsa ya tsaya wuri ɗaya.

"Tsohuwa, wa ya yi yaɓen ƙarshe a nan?"

"Me ka gani?"

"Wani ya danna tafin hannunsa a jikin bango tun ƙasar tana ɗanya. Yatsu huɗu da rabi."

Inna Hure ta dafa rumbun, farar ƙasa ta ɓata mata hannu ba ta kula ba. Mijinta Malam Yahya lauje ya cire masa rabin ɗan yatsa tun yana saurayi. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma ita ba ta taɓa shiga rumbun ba, ba ta san da hannun ba.

"Abokin takarata ne ko?" in ji Sha'aban, muryarsa ta sauka. "Inna, tsagar ta bi ta tsakiyar tafin, garar ma a bayansa take. In gyara zan yi, sai na kankare shi. In kina so in yi faci a gefe in bar miki shi, ba wanda zai sani. Zaɓi."

Ta kai bakin mayafi ido, ta ce farar ƙasar banzan nan ce ta shigar mata.

"Kankare," ta ce. "Shi ma da yana nan ba zai bar wa gara gerona saboda hannunsa ba. In ka gama yaɓen, ka danna naka."

"Nawa fa ya fi nasa kyau. Ba ya noma, laushi kamar burodi."

"Danna haka nan. Wanda zai shiga bayanka ya san an taɓa yin rago a gidan nan." Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ka ci, ja'iri. Abdulkabir, in ka miƙa masa wannan bokitin, kamo mini jan zakaran can. Yau namiji ya yi aiki a gidana."

Daga ciki ƙarfen kankarar Sha'aban ya fara cin bango. Ba ta tsaya ji ba, ta shige madafa ta hau hura wuta.