Manhajar Alhaji Sanda Mai Nauyi

"Wannan ai ba ta ci ta ƙoshi ba," in ji Alhaji Sanda, yana jinjina kwalin a hannu. "Miƙo mini waccan."

Duk tashar Kawo babu mai ido irin na Alhaji Sanda, mai kamfanin kai saƙo Kano da Katsina. Shi ne ya fara sayen kwamfuta a layin, shekarar casa'in da biyar, shi ya sa direbobi ke kiransa Baban Na'ura. Bai taɓa kunna ta ba, amma shi ya zaɓa mata mayafin leshi.

Yanzu Tanko dillalin kayan kwamfuta ya kawo manhaja uku, masu ajiye bayanin kowane saƙo da mai shi. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tayin ragon layya: ya ɗaga, ya girgiza, ya latsa gefe. Ta ukun faifai arba'in gare ta, ita kuwa ya zaɓa.

"Ranka ya daɗe, wannan ta manyan ma'aikatu ce," in ji Tanko. "Ta fi ƙarfin kwamfutarka."

"To ni ƙaramin ma'aikaci ne?"

Hansai akawu, wadda ta shekara tara tana riƙe da saƙonnin nan a ka, ta ce ƙaramar ma ta isa. Alhaji ya yi mata murmushin tausayi.

"'Yata, zamani ya wuce ki. Ƙarshen wata ki huta a gida."

 Da aikin nan Hansai take ciyar da mahaifiyarta.

Kwana biyu Tanko yana ɗura faifai. Manhaja ta shiga, ta cika cikin kwamfuta taf, ba ta bar wurin ko suna ɗaya ba. Alhaji ya ce haka manya suke, in sun zauna ba sa matsawa.

Ranar ƙaddamar da manhaja aka kafa rumfa, 'yan kasuwa suka cika. Ana cikin jawabi sai ga wata tsohuwa daga Unguwar Kanawa, tana neman keken ɗinkin da ɗanta ya aiko daga Katsina. Alhaji ya naɗe hannun babbar riga, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Gumi ya keto daga ƙarƙashin hula.

"Tunani take yi. Babba ba ya gaggawa," in ji Alhaji.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ni dai kekena."

Hansai ta sunkuya kamar mai goge tebur, ta raɗa masa, "Motar Muhammadu Dogo, jiya. Yana sito, bayan buhunan albasa."

Alhaji ya miƙe. "Jama'a, kwamfuta ta ce yana bayan albasa!"

Aka yi ta tafi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai! Nan take Alhaji ya sanar cewa na'ura mai zurfi irin wannan sai da tafinta, kuma ya naɗa Hansai, don a taimaka mata ta ga zamani.

Tafinta ta ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe." Ta ɗauki mabuɗin sito, ta ce wa tsohuwa, "Iya, taho mu je."