Tudun da Na Yi wa Jirgin Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi koya wa jirgin ƙasa ladabi, a gaban manyan ilimi na ƙananan hukumomi biyu.

Ni kafinta ne a Birnin Kudu, karatuna bai wuce firamare ba. Aminina Malam Habu malamin makaranta ne, kuma a shekarar ana ta maganar za a ba shi hedimasta. Sai aka shirya baje kolin ayyukan hannu tsakanin makarantunmu da na Gwaram, kowa kuma ya san idon manya na kansa. Ƙaninsa ya aiko masa da jirgin ƙasa na wasa daga Kano, mai batir, da layin dogonsa na roba. Ya kawo shagona, ya ce in shimfiɗa shi a kan falanki, in yi gari da gonaki, da inda titin mota ke ƙetare layin.

"Ka dai san yadda mahaɗar take ko?" in ji shi.

"Haba Malam! Ni da na sha zuwa Kano?"

(Zuwa Kano kam na sha. Jirgi kuwa hango shi na taɓa yi daga bayan motar katako, yana tsaye, akuya na kwance a inuwarsa.)

Aiki dai na yi shi. Na rina dusar katako ta zama gonar gero, na gina rumbuna da yumɓu, har amalanken shanu na haɗa da tsinken ashana. Da na zo mahaɗa sai na yi tunani irin namu. Mu nan, duk inda babban titi ya ratsa unguwa, mun san maganin direba mai gudu: a tara ƙasa a yi masa tudu. To in tirela na buƙatar tudu, ina ga jirgi da ya fi ta tsawo? Na sassaƙa katako sumul, na manna shi da gam a kan layin. Sandar tare hanya ma jirgin na gitta wa, don a ganina mai shanu ɗan gari ne, baƙo shi ke jira.

Ana jajibiri Malam Habu ya zo a gwada. Na ce fenti bai bushe ba, kada ya ɗaga zanen da na rufe shi da shi. (Ya bushe. So nake ya ga basirata a bainar jama'a.)

Washegari aji ya cika. Sakataren ilimi ya matso cikin farar babbar riga, da kofin zoɓo a hannu. Aka yaye zane. Malam Habu ya ga tudun, ya kalle ni.

"Wannan fa?" ya ce ƙasa-ƙasa.

Maimakon in yi shiru, sai na ɗaga murya na yi wa taro bayani dalla-dalla. Wani malami daga Gwaram ya ce, "Baba kafinta, saura ɗan sanda ya tambayi jirgin takardu!" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, a zatona yabo ne.

Aka kunna. Jirgi ya zagayo gonaki gwanin sha'awa, ya doso tudu da gudunsa, ya yi sama, ya doki kofin zoɓo, ya sauka a cikin aljihun babbar riga, ƙafafunsa na ta juyawa. Jan zoɓo ya gangara a rigar har gwiwa.

Sakatare ya ce, "Malam Habu, abin da kuke koya wa yara ke nan?"

Ina tsaye kusa da Malam Habu, nuna ni kawai zai yi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kuskurena ne, ranka ya daɗe."

Wannan kalmar ta fi dariyar yi mini ciwo, kuma har yau ba ta daina ba. Hedimasta wani aka ba. Shi kuma Malam Habu aka tura shi ƙauyen Kiyako, yana zirga-zirga a kan tsohon babur har ya yi ritaya. In na tayar da maganar sai ya ce rabo ne, in bari. Wataƙila rabon ne, amma ni na riƙe gam ɗin.

Yanzu na tsufa, na gane cewa "ban sani ba" ba ta taɓa ɓata rigar kowa ba. Ko hanyar gidana ka tambaye ni, sai na ce ka dakata in tambayi maƙwabci.